Yadda Sallau Ya Koyi Japananci Saboda Rijiya

A garin Dogon Marke akwai wani mutum ana ce da shi Sallau. Ba mahaukaci ba ne, don bai taɓa jifan kowa ba, kuma sallarsa ba ta wuce lokaci. Matsalarsa guda ɗaya ce: duk abin da aka faɗa masa, sai ya ɗauka abin da mai maganar yake nufi ke nan. A gari irin namu wannan ba ƙaramar nakasa ba ce. Gidansa yana bakin gari, ɗaki biyu, rumbu ɗaya, akuya ɗaya. A ciki akwai mahaifiyarsa Inna Tabawa, wadda ba ta iya faɗin abu sai ta ɗauko shi daga tushe, da matarsa Kande, wadda ta daina yawan magana, da 'yarsu Uwani mai shekara huɗu. A da 'ya'yan biyu ne. Babbar, Ladidi, amai da gudawa suka tafi da ita a bazarar bara, ita da wasu yara shida na garin, kuma ba a buƙaci likita ya faɗi daga ina ciwon ya fito ba. Rijiyar garin ta ƙafe shekara uku ke nan. Kududdufin bayan gari muke sha, mu da shanu. Yanzu bazara ta sake zagayowa, ruwan ya koma kore, Uwani kuma ta fara riƙe ciki.

Ana cikin haka labari ya zo daga ƙaramar hukuma cewa wata ƙungiya ta mutanen Japan za ta haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya a yankin, kuma nan da wata uku za su turo injiniyarsu ta zagaya ƙauyuka ta zaɓi inda za a yi. Dagaci Shekarau ya ce garin da ya gaishe ta da yarensu shi zai sace zuciyarta. Aka ɗauko Malam Haladu Direba, wanda ya yi shekara tara yana tuƙa wasu injiniyoyin Japan a ƙuruciyarsa, yana kuma da wani tsohon littafi da bangonsa ya fita. Aka ba shi aji ɗaya a firamare bayan an tashi yara. Samari goma sha huɗu, har da Sallau, suka rubuta suna, don sun ji wai za a tafi da waɗanda suka iya. A mako na biyu aka gane ba inda za a tafi da kowa. Sallau kaɗai ya rage, domin ranar farko Malam Haladu ya ce a riƙa zuwa kullum, kuma ba wanda ya dawo ya ce a daina.

Wata rana Malam Haladu ya ce masa, “Hanyar riƙe kalma ita ce ka rubuta sunan kowane abu a takarda ka liƙa a jikinsa. Kullum idonka yana kai, sai ya zauna.” Sallau bai iya boko ba, amma baƙaƙen Japananci zane ne a wurinsa, kuma hannunsa ba ya rawa. Ya jiƙa ƙaro, ya bi gidan da takardu. Ƙofa ta sami sunanta, turmi ya sami nasa, akuya ta cinye nata ta bi da na turmi. Inna Tabawa ta tashi daga barcin rana ta ji abu a goshinta. Sai ya zo kan mizu, wato ruwa. Ya liƙa a randa, ya tsaya yana kallo, ya cire.

Kande ta ce, “Me kuma ya faru?”

Ya ce, “Wannan randa ce. Malam ya ce a jikin abin.”

Ya tafi kududdufi ya ɗora takardar a kan ruwan. Ta yi yawo kaɗan ta nutse. Kashegari ya kai wata, jibi ma haka. Matan da ke ɗiban ruwa suka yi dariya kwana biyu, daga nan suka saba, har sukan matsa masa ya wuce.

Wata rana aka zo kan ginin jimla. Malam Haladu ya rubuta watashi wa kasuwa e ikimasu, don ya manta yadda ake cewa kasuwa, ya bayyana cewa su Japanawa aikatau yana zuwa ne a ƙarshe. Mutum zai ce ni, kasuwa, sannan a can ƙarshe ka ji ko zai je ne ko ba zai je ba, ikimasu ko ikimasen. “Saboda haka,” in ji shi, “kada ka motsa sai mai magana ya kai ƙarshen maganarsa.” Da la'asar Sallau yana zaune a zaure sai ga Inna Tabawa da saurinta.

“Sallau, ka san rumbun nan da marigayi ubanka ya gina shekarar fara, wanda na ce masa kada ya kafa shi kusa da murhu, ya ce ni mace ce ban san gini ba, to ɗazu na hura wuta zan dama wa yarinyar nan kunu, ka san itacen nan na Kande ɗanye ne, na sa kara, iska kuma ta juyo daga gabas…”

Sallau ya naɗe hannu yana jiran aikatau. Hayaƙi ya shigo zauren tun kafin aikatau ya iso. Da aka kashe wutar rabin geron ya tafi, kuma jarka huɗun da Kande ta ɗebo tun safe duk sun ƙare a kan toka. Ta ɗauki jarkokin ta koma kududdufi. Inna Tabawa ta ce ita dai ta faɗa masa.

Wata rana Malam Haladu ya koya masa sumimasen. Ya ce kalmar nan ita ce rabin yaren. “Mutanen can, ko kai aka taka, kai za ka fara ba da haƙuri. Duk inda aka sami matsala kana kusa, ka sunkuya ka ce sumimasen.” Ranar kasuwar Kwanar Dumi Sallau ya je sayo gishiri, ya tarar an taru a turken dabbobi, an kwance ragon wani mahauci an gudu da shi. Matsala ce, kuma yana kusa. Ya kutsa tsakiya ya sunkuya ya ce sumimasen.

Mahaucin ya ce, “Kai, me ka ce?”

“Na ce a yi haƙuri, laifina ne.”

Ba a ɓata lokaci wajen bincike ba. Kafin wani ɗan Dogon Marke ya iso ya shaida cewa wannan ai Sallau ne, an yaga masa riga an cire masa haƙorin gaba guda. Ragon ba a gan shi ba har yau. Tun daga nan iska take fita ta giɓin in yana magana, Malam Haladu kuma ya ce lafazinsa ya ƙara kama da na mutanen birnin Osaka na can Japan.

Wata rana aka yi darasin gaisuwa. Ana tsayawa a miƙe, hannaye a gefe, a lanƙwasa daga ƙugu. “Kuma in babba ne,” in ji Malam Haladu, “ba ka ɗago kai sai ya ɗago nasa.” Da hantsi kashegari Sallau ya gamu da Baba Na'iya a gindin tsamiyar masallaci. Baba Na'iya ya haura tamanin, bayansa ya lanƙwashe tun kafin a haifi Sallau, ƙasa kawai yake gani. Sallau ya sunkuya. Tsohon ya ga ƙafafu a gabansa ba su tafi ba, ya ɗauka wata magana ce mai nauyi aka zo da ita, ya tsaya yana jira. Haka liman ya same su da ya zo kiran azahar. Ya raba su, sannan ya yanke hukunci cewa gaisuwar Japanawa ba laifi, amma kada ta kai ruku'u, kada kuma ta kai azahar.

Wata rana Malam Haladu ya ce a can ba a shiga gida haka nan. Mai dawowa yakan tsaya a ƙofa ya ce tadaima, na dawo, na ciki su amsa okaeri, sannu da dawowa, sannan ya shiga. Ranar jikin Uwani ya yi tsanani, Kande ta aiki Sallau wurin ma'aikacin lafiya na Kwanar Dumi ya karɓo garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa masu gudawa. Ya karɓo, ya dawo da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce tadaima. Kande ta tafi ɗiban ruwa. Inna Tabawa ce ke riƙe da yarinyar.

“Shigo mana, ɗan nan.”

“Ba haka ake amsawa ba, Inna.”

“To yaya ake amsawa?”

“Malam ya ce na ciki ne ke faɗa. Ni ina waje.”

Yana nan tsaye, maganin a aljihunsa, yana jin kukan yarinyar yana raguwa, gumi da hawaye suna haɗuwa a haɓarsa, har Kande ta dawo. Ta sauke jarka, ta sa hannu a aljihunsa ta ɗauki maganin ta shige. Bayan ta ba yarinyar ta fito ta tsaya a gabansa.

“Baban Uwani, faɗa mini kalmar. Yanzu ina waje, ba laifi.”

Ya faɗa mata. Ta koma ciki ta ce okaeri, kamar mai tofar da abu mai ɗaci. Ya shiga. Ita ce kalma ɗaya tak da Kande ta koya a yaren, kuma ta fi sauran samari goma sha ukun amfana da karatun.

Wata rana, saura mako ɗaya baƙuwa ta zo, Malam Haladu ya kawo darasi na ƙarshe. Ya ce Japanawa in za su miƙa wa mutum kyauta, da hannu biyu suke miƙawa, su ce tsumaranai mono desu ga, wato abu ne marar daraja, amma ga shi.

Sallau ya ce, “Marar daraja ake bayarwa?”

Malam Haladu yana neman tabaransa a lokacin. Ya ce, “Haka ake cewa. Maimaita.”

Sallau ya maimaita har sau arba'in. Dagaci ya ce Sallau ne zai miƙa wa baƙuwa ruwan maraba, tunda duk garin ba wanda ya iya jimlar sai shi, aka kuma gargaɗe shi kada ya ƙara ko harafi ɗaya a kanta.

Shi kuwa Dagaci Shekarau yana da nasa shirin. Ya ji a sakatariya cewa mutanen nan suna son tsafta kuma ba sa ba ƙazamai kaya. Ban da haka, abin kunya ne baƙuwa ta zo daga wata uwa duniya ta ga garinsa yana shan abin da shanu ke fitsari a ciki. Sai ya tara dattawa aka yi shawara, kuma dattawan nan duk masu hankali ne, ba irin Sallau ba. Aka share gari. Aka kafa zana a hanyar kududdufi. Aka ce duk gidan da ke da yaro marar lafiya a riƙe shi a ɗaka. Aka sa tankar ruwa ta zo daga birni da sassafe ranar, ta juye rabin cikinta a busasshiyar rijiyar, aka rataya sabon guga. Sauran aka cika randunan ƙofar fada. Mata suna tsaye suna kallon ruwa fari tas yana shiga rami, an hana kowa taɓawa sai baƙuwa ta tafi.

Ta iso da hantsi a farar mota, 'yar ƙaramar mace mai furfura da hular rana, sunanta Nakagawa. Tana da ɗan littafinta na Hausa a aljihu, ita ma da alama ta sha nata darasin. Ta ce ina kwana, ina gajiya, ta sunkuya, Dagaci ya sunkuya, liman yana lura da zurfin. Aka kai ta rijiya. Aka jefa guga aka jawo, ta duba ruwan a rana, ta gyaɗa kai ta ce, “Da kyau. Ruwa da kyau.” Ta yi rubutu a takardarta. Jami'in ƙaramar hukuma da ya rako ta ya leƙa takardar, ya matso kusa da Malam Haladu ya ce a hankali, “Kun gama da kanku. Garin da rijiyarsa ke aiki a ƙarshen layi ake sa shi.” Malam Haladu ya raɗa wa Dagaci. Dagaci ya ci gaba da murmushi, don ba shi da wata fuskar da zai sa. Ba zai ce a gaban jama'a da baƙuwa ruwan na haya ne ba. Dattawa suka sunkuyar da kai. Kowa ya gane, kuma kowa yana jiran wani ya fara.

Aka zauna a rumfa, aka ce a kawo ruwan maraba. An tanadi sabon kofin tangaran da ruwan tanka a ciki, amma Sallau ba ya nan. Tun da safe ya ɗaga kofin ya duba, ya ga a duk Dogon Marke ba abin da ya kai shi daraja, kuma shi an ce marar daraja ake miƙawa. Ya zauna ya bi kayan garin ɗaya bayan ɗaya a ransa. Toka ana wanki da ita. Kashin akuya taki ne. Daga ƙarshe ya sami abin da ko Inna Tabawa ba ta taɓa faɗin alherinsa ba. Ya ɗauki ƙoƙon gidansu ya zagaya bayan zana.

Sai ga shi ya ratso taro a hankali, ƙoƙo a hannu biyu don kada ya zube. Ya tsaya a gaban baƙuwa, ya lanƙwasa daidai inda liman ya halatta, ya ce, “Tsumaranai mono desu ga.” Ko Malam Haladu ya yarda bai taɓa jin an faɗe ta da kyau haka ba. Fuskar matar ta washe. Ta miƙe ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta duba cikin ƙoƙon. Ruwan kore ne mai kauri, da gansakuka a gefe, da wasu ƙananan abubuwa masu rai suna harkokinsu, a sama kuma ga guntun takardar da ya ɗora da safe, baƙaƙen mizu ba su gama narkewa ba.

Dagaci ya ce, “Ranki ya daɗe, wannan ba shi da cikakken…” sai ya tuna ba ta jin irin wannan Hausar.

Ta dubi Sallau, ta dubi jama'ar da suka zuba mata ido. An ba ta abu da hannu biyu a gaban gari guda, da yarenta. Ta ja numfashi ta ce itadakimasu, abin da suke faɗa in za su ci ko su sha, ta ɗaga ƙoƙon zuwa bakinta. Ba wanda ya motsa a cikin maza. Kande ce ta fito daga cikin mata, Uwani a goye a bayanta duk da dokar Dagaci, ta sa hannu ta rufe bakin ƙoƙon.

Ta ce, “Kar ki sha. Shi ya kashe Ladidi.”

Matan da ke wurin suka dubi juna. Ladidi 'yar fari ce, kuma tun da aka raɗa mata suna Kande ba ta taɓa kama shi da bakinta ba, ko ranar da aka fita da ita.

Baƙuwar ba ta ji duka ba, amma ta ji sha, ta ji kashe, ta kuma ga wuyan yarinyar da ke goye. Ta juya wurin Sallau ta yi masa tambaya da Japananci a hankali, tana nuna ƙoƙon, tana nuna bakinta. Sallau ya naɗe hannu ya jira har aikatau ya iso. Da ya iso ya gane shi, nomimasu ka, kuna sha?

Ya ce, “Hai,” wato e. Ya ƙara da, “Mainichi.” Kullum.

Ta nuna rijiya. Wannan ya fi ƙarfin Japanancinsa, sai ya koma Hausa. “Wancan na mota ne. Yau aka zuba saboda ke. Anjima zai tsotse.”

Jami'in ya fassara, bai rage komai ba. Ta ce a kai ta inda aka ɗebo na ƙoƙon. Sallau ya shige gaba, ya ɗage mata zana, gari ya biyo baya. Ta daɗe a bakin kududdufin. Ta cika 'yan kwalabe uku, ta soke abin da ta rubuta ɗazu ta sake wani. Da za ta tafi ta sunkuya wa Dagaci kaɗan, ta sunkuya wa Kande sosai, har liman ya yi gyaran murya. Da yamma rijiyar ta tsotse kamar yadda aka faɗa, kafin rabin mata su sami jarka ɗaya. Dagaci ya aika aka gaya wa Sallau kada ya sake taka ƙofar fada. Sallau bai sake takawa ba, yakan tsallake ta.

Motar haƙa ta zo bayan wata bakwai, don su ma mutanen can suna da takardunsu. A tsakani an binne yara biyu, ɗan gidan liman da jikar Baba Na'iya. Uwani ta tsira, da ƙyar, kuma har yau ta fi tsararrakinta ƙanƙanta. Ranar da aka buɗe famfo an kafa allo a gefensa da sunan Dagaci Shekarau, ana yaba hangen nesansa. Malam Haladu ya shaida wa duk mai saurare cewa dama haka ya tsara darasin. Ba a kira Sallau gaba ba.

Bayan taro ya watse Sallau ya zo da ƙaronsa da takarda. Ya tsaya yana duban famfon, ƙarfe ne, ba ruwa ba. Kande tana bugawa, jarkarta a ƙasa. Ta dube shi, ta ci gaba da bugawa, ta ce, “To, ga shi nan yana zuba. Sa.”

Ya ɗora takardar a kan ruwan, ruwan ya tafi da ita. Kashegari ya kawo wata. Har yau yana kawowa kowace safiya, mata suna matsa masa, don ba wanda ya ce masa ya daina.